Sunan 'Yar Fari a Aji Ɗaya

Ƙofar Dumi, Bauchi
Farkon zangon karatu

Zuwa ga Adda Hamsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya aikin asibiti, ya sanyin Gembu? Ya kunnen naki? Ranar nan da na kira ki a waya na yi ta ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, ke kuma kina ta cewa wa ke magana. Shi ya sa na koma wa takarda. Zan riƙa bai wa Modibbo direba in zai tafi Jalingo, shi kuma ya miƙa wa motar Gembu. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baffa ta yi sauƙi, har yana zuwa masallaci da kansa, kullum kuma sai ya yi ƙorafin 'yarsa ta manta da shi. Maigidan yana gaishe ki, yana can kasuwar Muda Lawal cikin buhunan masara.

Labarin makaranta zan ba ki. A hutun da ya wuce aka tara mu malaman aji ɗaya a wani zaure a Yelwa, aka horar da mu, aka ba kowa kwamfutar hannu. Yara sun raɗa mata suna allon Malama. Darasin kowace rana yana cikinta da Hausa, ga sautin harafi, ga waƙa, ga ɗan labari. Da farko tsoronta nake ji, ina riƙe ta kamar tiren ƙwai. Yanzu na saba, kuma gaskiya ta rage mini wahala. Yaran da a da sai zango ya yi nisa suke kama harafi, bana tun yanzu wasu sun fara.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Malamar ɗaya ajin ta tafi hutun haihuwa, aka haɗe ajinta da nawa, kin ga ke nan yarinyar nan ta faɗo hannuna. 'Yar wajenki nake nufi, mai sunan surukata. To, tsarin na'urar shi ne, in an zo wajen karatu ita ce ke zaɓo yaro. Sunansa ya fito a fuskarta, malama ta kira shi da ƙarfi, ya miƙe ya karanta. An yi haka ne don kada mu riƙa kiran masu ƙoƙari kaɗai. Ranar da sunan nan ya fara fito mini, Adda, sai na kasa kiransa. 'Yar fari ce a wurina, ga shi sunan uwar miji ne. Ko a gida "ke" nake ce mata, balle a gaban yara cike da aji. Allah ya taimake ni akwai wurin da ake dannawa a tsallake yaron da bai zo makaranta ba. Na danna, sunan wani ya fito. Tun daga ranar haka nake yi.

Ban faɗa wa kowa ba sai ke, kuma na san dariya za ki yi mini.

Ƙanwarki,
Rabi'atu

*

Gembu

Ƙanwata Rabi'atu,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, ta ɗan jiƙe a gefe amma ta karantu. Ina lafiya, alhamdu lillahi. Kunne kam ya tafi abinsa, na daina bin sa. Sun mayar da ni ɗakin allurar yara, inda kukan da ake yi ba ya damuna, har sauran ma'aikata suna cewa na more. Ki gaida Baffa, ki ce masa ban manta da shi ba, shi ne dai ba ya rage goro kamar yadda na ce. Ki gaida maigidanki Malam Ladan.

Dariya kuwa na yi ta. Wato na'urar Turawa ta yi tafiya mai nisa ta zo ta ci karo da filakon gidanmu, kunyar nan ta Fulani. Ni dai ban ga laifinki ba. Ke ma ai 'yar fari ce. Ko da yake ni 'yar baffanki ce, gida ɗaya muka tashi, kuma har Innarki ta koma ga Allah ban taɓa jin ta buɗe baki ta ce Rabi'atu ba. Ga ki nan ba ki lalace ba, har kin zama malama mai allon lantarki. Ki dai sa mahaifinta ya riƙa duba mata littafi in ya dawo daga kasuwa.

Yaya Khadijatun tawa? Ta yi tsawo? Haƙoran gaba sun fara faɗuwa? Rabona da ita tun tana koyon tafiya, tana kama mini zane. Kin tuna ranar sunanta Baffa ya faɗa a gaban jama'a cewa tawa ce, in an yaye ta a kai mini, tun da ni Allah bai ba ni ba. Aka yaye ta, aiki ya jefo ni kan dutsen nan, maganar ta bi iska. Ba tuni nake yi miki ba, hira ce kawai ta kawo.

Ga ganyen shayi nan na ba direba, rabi naki rabi na Baffa.

Addarki,
Hamsatu

*

Ƙofar Dumi, Bauchi

Adda,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Shayi ya iso, mun gode, Allah ya saka da alheri. Kowa lafiya a nan. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, ba ciwo ne ya hana ni ba, rasa ta inda zan fara na yi.

Duk ƙarshen wata, ranar Asabar, malaman makarantun yankinmu muna haɗuwa da mai horar da mu, Malama Paulina. Takan zagaya azuzuwa ta ɗauki bidiyon darasi, sai mu kalla tare mu gyara wa juna. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa wulaƙanta kowa ba. Wannan karon nawa aka saka. Aka yaba yadda nake jan waƙar haruffa, har na fara jin daɗi. Sai ta tsayar da hoton, ta nuna wata yarinya a layi na biyu kusa da taga, ta ce, "Malama Rabi, wannan fa? Na'ura ta nuna tun farkon zango ba ta zuwa, kullum tsallake ta kike yi, ga ta kuma a zaune. Me ta yi miki?"

 Waɗanda suka san ni suka sunkuyar da kai. Wata ta matsa ta raɗa wa Paulina a kunne ko 'yar wace ce. Ta dafe baki, ta ce, "Ki yi haƙuri don Allah, ban sani ba," ta wuce zuwa bidiyon wani malami.

Na ji kunya, amma ba ita ce ta hana ni sukuni ba. Bayan an tashi ta ja ni gefe ta nuna mini bidiyo biyu. A na farkon zango, duk lokacin da na ɗaga na'urar sai yarinyar nan ta miƙa wuya, ta gyara hijabi, ta ɗora yatsa a kan littafi tana jira. A na wannan watan, ina ɗaga na'urar sai ta kwantar da kai a kan benci tana wasa da fensir. Ta daina jira, Adda. Ni da nake tsaye a gabanta kullum ban gani ba, domin na koya wa idona ya riƙa wuce wannan gefen.

Paulina ta gwada ta a ranar Litinin. 'Yan ajin sun fara haɗa baƙi da wasali suna fitar da kalma, ita ko haruffan farko ba ta rarrabewa. Ta ce mini, "Al'adarku na san ta, a garin nan na girma, kuma ba ni zan ce ki bari ba. Amma ita ba ta san al'ada ce ba. Abin da ta sani kawai, Malama tana kiran kowa ban da ita."

Kin ce ban lalace ba. Haka ne. Amma Inna ba ita ce malamata ba, in na je makaranta akwai mai kirana. Ita wannan daga gida har aji ni ce. Mahaifinta sai bayan magariba yake shigowa a gajiye. Na je wajen hedimasta, ya ce babu wani ajin da zai kai ta sai mai jego ta dawo. Ina baƙin ciki ƙwarai, kuma na rasa yadda zan yi da ita. Wani lokaci sai in ce da ma a hannun wata take ba ni ba, da ta huta.

Ki sa mu a addu'a.

Rabi'atu

*

Gembu

Ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, ina fata ku ma haka. Ruwa ya ƙi ɗaukewa a nan, amma da sauƙi.

Na karanta takardarki, na sake karantawa, kuma na gane abin da kunya ta hana ki faɗa kai tsaye. Ba sai kin roƙa ba, Rabi. Hannun da kike nema ga shi nan, dama can nawa ne aikin. Na rubuta wa Baffa, na rubuta wa Malam Ladan, don kada nauyin maganar ya hau kanki. Ke dai ki yi shiru ki bar manya su yi.

Akwai makaranta a bayan asibitinmu, ba sai ta tsallaka titi ba. Na je na ga malamar aji ɗaya, dattijuwa ce mai haƙuri, ta ce in kawo ta kawai. Ƙaramin ɗakin da nake zuba tarkace na kwashe shi, na sa an yi masa fenti. Na sayi bargo da rigunan sanyi, na ƙiyasta tsawonta da na wata yarinya da aka kawo allura, in sun yi mata yawa za ta girma a ciki. In an yi hutun ƙarshen zango zan ɗauki hutu in sauko da kaina.

Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Shekarun nan ina yi wa 'ya'yan mutane allura, su yi kuka, iyayensu su rungume su su tafi, ni kuma in koma gida in ɗora tukunyar mutum ɗaya. Kaɗaici ya ci ni a garin nan, ga shi duniyar ta yi mini shiru. Tun da takardarki ta zo nake jin kamar an mayar mini da kunnena. Allah ya yi miki albarka.

Ki ce wa Khadijatu akwai shanu masu yawa a nan, da ciyawa har kan dutse.

Addarki,
Hamsatu

*

Ƙofar Dumi, Bauchi

Adda Hamsatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya ruwa? Muna lafiya. Takardarki ta daɗe a hanya. Modibbo ya ce ƙasa ce ta zubo ta tare hanyar hawa dutse, motoci suka daina saukowa. Sai a makon nan ta iso, tare da ta Baffa da ta maigidan.

Kafin ta iso abubuwa sun ɗan canja. Paulina ta dawo ajina, ta buɗe wani wuri a na'urar da ban san da shi ba. Ashe tana iya faɗin sunan yaro da muryarta. Muka kunna wa ajin gaba ɗaya don kada a gane saboda wa aka yi. Ranar da ta fara kiran yarinyar nan ba ta tashi ba, sai da ta kusa da ita ta zungure ta. Yanzu tana tashi da sauri. Ni dai in nuna harafi da yatsa, in ta faɗa daidai in danna, na'urar ta ce mata madalla. Ta kama haruffa da yawa, jiya har ta haɗa kalma. Ta shaƙu da na'urar sosai. Ita ke goge mata fuska da gefen hijabinta, kuma da safe in na ajiye ta a tebur sai ta zo ta durƙusa ta ce mata ina kwana. Yara suna dariya, ita ko a jikinta.

Game da maganarki, Baffa ya yi murna, ya ce alƙawari ya cika kafin ya mutu. Maigidan ya tambaye ni, "Ke kika nema?" Na ce masa, "Yadda kuka gani." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce to shi ke nan.

Na gode da ɗawainiyar da kika yi, Allah ya bar zumunci. Sai dai ina ganin ko za a ɗan jinkirta. Duk bayanin karatunta yana cikin na'urar nan, na kuma ji makarantun can ba a raba musu ba. Paulina ta ce canjin makaranta a tsakiyar shekara yana mayar da yaro baya, balle wadda yanzu ta fara kamawa. Ga sanyinku, ita kuma ba ta rabuwa da mura. Amma ke ce babba, abin da kika yanke shi ne.

Ƙanwarki,
Rabi'atu

*

Gembu

Rabi'atu,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya. An gyara hanya, don haka wannan ba za ta daɗe ba.

Sanyi akwai rigar sanyi. Mura, a asibiti nake aiki. Na'ura kuwa, 'ya'yan Gembu suna koyon karatu ba tare da ita ba. Kin jero mini dalilai, na duba ban gan ki a cikin ko ɗaya ba. Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci, na kwana biyu ban leƙa ɗakin nan ba. Da na huce na ɗauko tsohuwar takardarki, sai na ga ba ki ce in zo ba. Ni ce na karanta abin da nake so in gani.

Amma ba jinkirin ne ya fi damuna ba. Yarinya tana durƙusa wa ƙarfe tana gaishe shi da safe don shi ne ke kiran sunanta, ke kuma kina ba ni labari kamar abin farin ciki. Ni na fara ce miki ba ki yi laifi ba. Ina nesa na faɗi haka, ban ga ta kwantar da kai a kan benci ba. Filakonmu na san darajarsa, da shi aka raine mu. Sai dai lokacin da Inna take kawar da kai, akwai Goggo da ke goya ki, akwai ni da ke kiran ki muna faɗa. Khadijatu wa take da shi a gidan nan?

Magana ɗaya ce. In ta yi miki nauyi, zan zo in ɗauke ta, in riƙe ta da zuciya ɗaya, in kira ta safe da yamma har ta gaji da ni. In kuwa kina son ta, ki rubuta mini da hannunki, ba da bakin Paulina ba, ba da bakin na'ura ba. Na san abin da nake nema a wurinki babba ne, uwa ta ce tana son 'yar fari. Babu mai karanta takardar sai ni. Baffa ki bar ni da shi. Ba zan ɗauki ɗiyar da uwarta za ta yi kuka a ɓoye ba, amma kuma ba zan bar wa na'ura ita ba.

In hutu ya zo ban ji daga gare ki ba, zan taho da jakar da zan zuba kayanta.

Hamsatu

*

Ƙofar Dumi, Bauchi
Makon jarrabawa

Adda,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Muna lafiya, Baffa ma da sauƙi. Takardarki ta iso da wuri, ta yi kwanaki a jakata ina zuwa makaranta da ita ina dawowa.

Ranar Talata kafin a shiga aji na kashe muryar na'urar. Yara suka ce, "Malama, yau allon ya yi shiru." Na ce yau ni zan kira. Na kira na farko ya karanta, na kira ta biyu. Ina ta addu'a a raina kada sunan ya fito, ina kuma addu'a ya fito a wuce wurin. Darasi ya kusa ƙarewa sai ga shi. Wurin tsallakewa yana nan a ƙasa inda na bar shi, yatsana ma har ya nufi can da kansa.

Na faɗa, amma a ciki ya tsaya, ko na bencin gaba bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Ta miƙe tsaye, ta dubi na'urar da ke hannuna, ba ni ba. Sai ta kusa da ita ta ce, "Ke, Malama ce ta kira ki." Ta ɗago ta dube ni, ta nuna ƙirjinta da yatsa. Na gyaɗa kai. Ta fito ta karanta layinta, ta yi tuntuɓe a kalma ɗaya, na taya ta. Da ta gama na ce mata madalla da bakina. Sauran yaran ba su ga wani abu ba, suna ta ɗaga hannu a kira su. 

Da aka tashi muka kamo hanyar gida. Kullum a bayana take tafiya, ta bar tazara, haka na saba mata. Mun shigo lungun masu ɗinkin hula sai na ji ta matso kusa da ni. Ta ce, "Malama." Ko a gida haka take ce mini. Na ce na'am. Ta ce, "Ashe kin san sunana?"

Ba da fushi ta faɗa ba, Adda. Tambaya ce kawai, kamar ta wanda ya ji sabon labari.  Na kama hannunta, abin da ban taɓa yi a titi ba. Tsofaffin unguwa suna zaune a ƙofar gida suna kallonmu, na san kuma za a yi maganar, ban saki ba har muka shiga gida.

Na faɗa wa maigidan gaskiya. Ya ce tun ranar da ya tambaye ni ya sani, jira yake in faɗa. Baffa ban iya tunkararsa ba, na bar miki shi kamar yadda kika ce.

Na san abin da nake cire miki, kuma rubutun da na yi cikin gajiya ne ya jawo. Wannan yana yi mini ciwo, ina roƙon ki yafe mini. Ki zo hutun duk da haka, ki daɗe. Zan sa ta zauna ta gefen kunnenki mai ɗan ji ta karanta miki, ki kira ta yadda kike so. Amma kin ce in rubuta da hannuna, to ga shi. Ina son ta. Ba zan iya ba ki Khadijatu ba.

Ƙanwarki,
Rabi'atu